Wayoyin Alhaji da intanet ɗin gidanmu

Layin tarhon gidanmu ya girme ni. Marigayi Alhaji ne ya sa aka jawo shi tun yana fataucin fata da ƙirgi, lokacin da lambar tarho a Maraɗi ƙwaya shida ce kawai, kuma masu ita a Sabon Gari ana iya ƙirga su da yatsu. Da ya rasu salula ta riga ta cika gari, amma Hajiya ta hana a yanke layin, ta ce ƴan uwanta na Tasawa da Damagaram wannan lambar suka sani. Ni kuma da na fara sana'ar buga takardu a gida sai na ga banza ta faɗi, na je na sa aka ɗora mini intanet na ADSL, wato mai bin wayar tarho, a kan layin, mega 2, biyan wata-wata. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne manyan masu kawo mini aiki, sai ƴan kasuwar da ke shigo da kaya ta Ɗan Isa, masu son a tura musu takardu cikin gaggawa.

Da rani abin yana tafiya da ɗingishi, ana dai lallaɓawa. Da damina ta sauka sai ya tsaya cak. Akwai wata ƴar fitila a jikin modem da aka rubuta DSL a ƙarƙashinta: in ta tsaya kore shar, akwai hanya, in tana ƙiftawa, modem na neman hanya ke nan. Tawa kullum cikin ƙiftawa take. Tarho ya yi ƙara, ta yanke. Hajiya ta ɗaga kan tarho, ta yanke. Magariba ta yi, ta yanke ko ba wanda ya taɓa komai. Wata rana na kai kusan ƙarshen tura kundin wata ɗaliba mai shafi ɗari da wani abu, ana jiransa kafin a tashi daga ofis, sai wata gwaggonmu ta kira daga Tasawa don ta yi barka da haihuwa. Abin da na faɗa a zuciyata ranar, Allah Ya yafe mini.

Sau uku ina zuwa ofishin kamfanin. A na ukun suka turo samari biyu, ɗaya ya hau falwaya, ɗaya ya auna a bakin bango, suka ce layi lafiyarsa ƙalau har ƙofar gida, abin da ke ciki kuwa nawa ne. Ban yarda ba. Na ɗauka irin amsar nan ce ta a rabu da kai. Da daddare a fada, muna shan shayi, na zage na yi ta surfa musu, kowa na ƙara gishiri, har wani ya ce in sayar da modem ɗin in sayi katin waya in huta.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin tarho tun zamanin da gidan waya da tarho ma'aikata ɗaya ce, ya daɗe da yin ritaya. Baba muke ce masa. Labarin ya kai kunnensa, bayan sallar asuba ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Ɗana, kan tarho nawa ne a gidan naku?"

"Biyu, Baba. Na Hajiya da na ɗakina."

"Piriz nawa?"

Piriz shi ne abin da ƴan uwanmu na Katsina ke kira soket. Na yi shiru, don ban taɓa ƙirgawa ba. Ya ce in jira shi da hantsi.

Da ya zo bai kalli modem ba tukuna. Kan tarho ya ɗaga, ya danna lamba ɗaya don ƙarar layi ta ɗauke, ya saurara, sannan ya miƙo mini. Abin da na ji kamar ana suyar ƙosai daga nesa, can ƙasa kuma wani huci. Ya ce suyar nan tsatsa ce ko danshi a wata mahaɗa, hucin kuwa muryar modem ce ke kutsowa inda ba wurinta ba. Sai ya zauna a tabarma ya yi mini karatu. Zaren jan ƙarfe biyu ne ke zuwa daga ofishin tarho, su ke ɗauko magana, su ke ɗauko intanet. Maganar mutum tana bin ƙasa-ƙasa, ba ta kai kilohaz 4 ba. Intanet yana farawa daga wajen 25, abin da kake turawa ya tsaya a 138, abin da ke sauko maka kuma ya ci gaba daga nan har 1,104. Shi ya sa turawa ta fi saukewa jinkiri, hanyarta ce aka yi ƙunci tun asali. Filtir kuwa rariya ce, tana barin magana ta wuce zuwa kan tarho, tana tare sauran. Duk abin da ke rataye a layi ba tare da rariyar nan ba, yana shan siginar intanet, yana kuma zuba mata datti duk lokacin da aka ɗaga shi ko aka ajiye.

Na ce ai akwai filtir, na nuna masa ƴar farar robar da ke bayan teburina mai baki biyu. Ya juya ta, ya girgiza, ya ɓalle murfinta da ɗan turnabis. Ba komai a ciki sai wayoyi huɗu. Filtir na gaske yana da ƴan naɗe-naɗen waya da kondansate a ciki, kuma a bakunansa akan rubuta wanne ne na tarho, wanne ne na modem. Tawa mai raba baki biyu ce kurum. Wadda ta zo da modem ɗin ta fashe tun watan farko, na je kasuwa na nuna wa wani mai tebur gawarta, ya ba ni wannan ya ce duk ɗaya ne. Wata bakwai ina zaune da ita.

Daga nan ya sa na buɗe shafin modem a kwamfuta. Ana rubuta 192.168.1.1 a inda ake rubuta adireshi, yawancinsu haka suke, kalmar shiga kuma tana manne a ƙasan akwatin. Baba ba ya taɓa kwamfuta, amma ya san lambobin da yake nema. Gudun saukewa ya nuna 640, ni da ke biyan 2048, wato mega 2 ɗin. Raunin da sigina ke yi a hanya 54 desibel. Ratar da ke tsakanin sigina da hayaniya, wadda aka rubuta SNR a gabanta, shi kuma yake kira marji, tana lilo tsakanin 3 da 4. Ya ce 6 ake so a ƙalla, ƙasa da haka ko tari layin ya yi sai ya faɗi. Kurakuran CRC kuwa, wato ƙidayar saƙonnin da suka iso a lalace, suna hawa muna kallo, kamar mitar kuran a watan Afrilu. Ya sa na rubuta duka a takarda, da rana da ƙarfe nawa.

Gwajin da ya raba gardama bai kai minti 20 ba. Muka bi wayar daga falwaya har inda ta shigo, a saman zaure, cikin wani ɗan akwati da fenti ya rufe sau ba adadi. Baba ya kwance duk wayoyin da suka nufi cikin gida, ya bar tagwayen da suka zo daga waje su kaɗai, ya ɗaura musu piriz na wucin gadi. Ƙanena ya jawo kuran da doguwar waya, muka ɗora modem a kan kujera a cikin zaure. Fitila ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsaya. Gudu 2048 cif. Rata 14. Rauni 48. Na tsaya ina kallon allo, kunya ta rufe ni, don samarin nan biyu da na zaga a fada gaskiya suka faɗa. Baba bai ce komai a kai ba, sai ya ce raunin 48 ɗin nan ba mai rage shi, nisa ne. Siririyar wayar da aka fi amfani da ita tana cin wajen desibel 15 a kowace kilomita, ke nan tsakaninmu da injinan kamfanin ya kai kilomita 3, kuma waya ba ta bin hanyar tsuntsu. Shidan da suka ƙaru da hayaniyar duka, namu ne.

Sai farautar piriz. Mun samu biyar. Ɗaya a tsohon falon Alhaji bayan kabad, ɗaya a ɗakin Hajiya, ɗaya a ɗakina, ɗaya a shagon ƙofar gida da aka daɗe ana ajiye buhunan gero a ciki. Dukansu irin na Faransa ne na da, masu baki kamar harafin T. A irinsu layi yana kan ƙusa ta 1 da ta 3 ne kawai. Amma a namu kowane piriz waya takwas ne a ɗaure, har da ta ƙusa ta 2, wadda a da aikinta ta hana sauran kawunan tarho yin ƴar ƙara idan wani yana juya lamba a tarho mai faifai. Yau ba ta da aiki sai zama eriya, tana kwaso hayaniya tana zubawa a layi. A piriz na falo muka tarar da wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku a maƙale. Baba ya yi murmushi kamar ya ga tsohon aboki. Ya ce su suke sa shi da hannunsu, don daga ofis su iya auna layi ko da an cire kan tarho, kuma a zamaninsa ba ya cutar da kowa. Ya kwance shi ya sa a aljihu.

Na shago shi ya fi ban tausayi. Da muka buɗe, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kan ƙusoshin, laka ta sha danshin damina, jan ƙarfen ya koma kore. Wayar da ta zo masa kuma gara ta cinye rigarta a wuri biyu. Nan suyar ƙosan take.

Na biyar ba piriz ba ne ma, reshe ne. Daga akwatin zaure wata waya ta bi kan katanga ta nufi sashen da aka raba lokacin gado, aka gina bango a tsakani. Ƙanena ya haura ya bi ta, ya tarar ta ƙare a cikin wani ɗakin ajiya, bakinta a buɗe, tana reto. Na ce to wannan ai ba ta haɗe da komai, ina ruwanta da mu. Baba ya ce in je bakin rijiya in yi kira in ji. Sigina tana shiga reshen, ta kai ƙarshe ta rasa mafita, ta dawo ta yi karo da mai zuwa. Magana ba ta damu da wannan ba, shi ya sa shekara da shekaru ba wanda ya lura, amma intanet ya damu. Tsawon reshen ya kai mita 30.

Muna cikin haka tarho ya yi ƙara, sai ga wata ƙarar ta biyu daga tsakar gida, mai ƙarfi, wadda kunnena ya saba da ita har na daina jin ta. Ƙararrawar ƙarfe ce a ƙarƙashin rumfa, Alhaji ya sa aka kafa ta don a riƙa ji daga madafa. Ita ma kai tsaye take a layi, ba rariya. Na ce a cire ta. Hajiya da ke tsince shinkafa ta ɗago kai.

"A cire mi?"

"Ƙararrawar nan, Hajiya. Tana cikin masu kashe mini aiki."

"Tun ba a haife ka ba take nan. Malam, in sai an cire ta abin nasa zai yi, to ya haƙura da abin nasa."

Baba ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ba mai taɓa ta. Hanya kawai za mu canza mata."

Shawarar da ya yanke ke nan, kuma ita ce ta fi abin da ni na yi niyya. Ni da na so in sayo filtir uku in maƙala wa kowane kan tarho nasa, ƙararrawar ma nata. Ya ce yana yi, amma tsofaffin wayoyin za su ci gaba da zama a kan hanyar intanet. Gara filtir ɗaya a bakin shigowa. Bakinsa na tarho ya ciyar da ɗakin Hajiya da ƙararrawa, bakinsa na modem kuma sabuwar waya ta ɗauka kai tsaye zuwa teburina, ba tsayawa ba reshe. Sauran duka a yanke daga tushe.

Sayen kayan ya ci mini yini guda. Filtir ya yi wuya a kasuwa yanzu, tunda mutane sun koma intanet na salula, sai a shago na huɗu na samu, cikin wani kwali mai ƙura, kuma sai da na sa mai shagon ya buɗe na ga cikinsa. Waya kuwa Baba ya ce in nemi irin ta haɗa kwamfutoci, Cat5e, mai tagwaye huɗu a murɗe, kada in yarda da shimfiɗaɗɗiyar nan mai kama da taliya da ake sayarwa da kan tarho. Ya kuma koya mini gwaji: in kankare zaren da reza. In cikinsa ja ne, jan ƙarfe ne. In fari ya fito, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya, yana karyewa a bakin ƙusa, danshi kuma na cin sa da wuri. Nadi biyu na farko da aka nuna mini duk fari suka fito. Mai shagon bai ji daɗina ba, amma ya shiga ciki ya fito da na gaske, kuɗinsa ya kusa ninki. Na ɗauki mita 25, da bututun roba, da sabon piriz mai ƙaramin baki irin na modem.

Murɗin nan ba ado ba ne. Hayaniyar da ta faɗo daga waje tana samun zaren biyu daidai wa daida saboda suna ta musayar wuri, modem kuma bambancin da ke tsakaninsu yake karantawa, sai hayaniyar ta soke kanta. Na ji wannan bayani da kunnena, na gyaɗa kai, sannan washegari na tafka kuskuren da ya nuna ban gane ba.

Asabar muka yi aikin, ni da ƙanena, Baba yana zaune a inuwa yana ba da umarni. Mun bi da wayar ta cikin bututu, nesa da wayoyin kuran, inda ya zama dole su haɗu kuma muka sa ta gitta su maimakon ta jera da su. Ya hana mu murɗa waya da waya mu naɗe da sikoc yadda aka saba, ya ce wannan ita ce mahaɗar da ke tsatsa a damina ta biyu, ƙusa za a ɗaure tamau a cikin akwati mai murfi. Layin tarho yana da wutarsa daban da kuran, wajen bolt 48, ba ka cika jin ta da busasshen hannu ba. Amma in kira ya shigo tana haurawa sosai. Ina riƙe da zaren biyu, hannuna duk zufa, sai wani ya kira. Na yar da filaya, na kusa faɗowa daga kan tsani, ƙanena na ta dariya yana cewa, "Yaya, gwaggo ce ke gaishe ka." Daga nan Baba ya sa aka kwance layin waje har sai da muka gama. Ya ce in hadari ya taso kuma ko kusa da wayar kada mu je.

Azahar ta yi ya tafi masallaci, ni kuma na ƙarasa ɗaurin da kaina. Na kunna. Gudu 1,300 da ɗan wani abu, rata 6. Ya fi da, amma ina 14 ɗin da muka gani a zaure? Na sake ɗaure ƙusoshi, na canza igiyar modem, ba canji. Da ya dawo ya sa tabarau ya duba piriz, ya duba akwatin zaure, ya ce in faɗa masa kalar wayoyin da na ɗauka. Na ce shuɗiya da fara. Ya ce wace farar? Ashe farare huɗu ne a ciki, kowace da ɗan zanen kalar abokiyar murɗinta. Na fere rigar da tsawo, murɗin ya warware, sai na haɗa shuɗiya da farar ruwan lemo a duka bakunan biyu. Wuta tana wucewa, tarho zai yi magana, amma zaren biyu ba tagwayen juna ba ne, murɗin ya tashi a banza. Muka mayar da fara mai zanen shuɗi, sauran shida muka naɗe su gefe ba a haɗa su da komai ba. Gudu 2048, rata 13.

Saura matsalar magariba. Ta ragu, layi ya daina faɗuwa, amma takardata ta nuna rata tana sauka zuwa 8 ko 9 da dare. Wani ɓangare na wannan ba shi da magani. Tashoshin rediyo na matsakaicin zango suna aiki ne a mitocin da suka shiga cikin na ADSL, kuma da dare suke cin nisa. Duk wanda ya saba kama Kaduna da dare a Maraɗi ya san haka. Wayar da ke rataye a falwayoyi kilomita 3 tana kama su ita ma. Amma wani ɓangaren a ɗakina yake. Baba ya aro ƴar rediyon Hajiya, ya murɗa ta a matsakaicin zango zuwa inda ba tasha, ya riƙa zagayawa da ita. Kusa da wata cajar salula mai arha rediyon ta ɗauki kuka, haka ma kusa da wani ƙwan fitila da nake kunnawa daidai magariba. Na canza ƙwan, cajar kuma na ba ƙanena ya tafi da ita ɗakinsa can ƙarshen gida. Ratar dare ta koma 10 zuwa 11.

Mega 2 dai mega 2 ne. Ɗan yayata in ya zo da salularsa mai 4G yana sauke bidiyo kafin tawa ta yi rabi, kuma ba ya fasa faɗa mini. Abin da na samu shi ne layin da ke kwana ya wuni bai yanke ba, da kurakuran CRC da a da ke cika dubbai cikin awa guda, yanzu sai a yini ba su kai ɗari ba. Kundi yana tafiya a hankali, amma yana isa, ko Hajiya na kan tarho da mutanen Damagaram. In na ga hadari ya haɗo daga gabas nakan zare igiyar tarhon daga modem, don tsawa ta wayar take biyowa, filtir kuma ba ya tare ta.

Na kai wa Baba jikka biyar a ambulan, ya mayar mini, ya ce shi da Alhaji ba su yi haka ba. Goro ya karɓa, da ragowar wayar, mita huɗu da wani abu, ya ce akwai wani kanti a unguwar Zariya da suke ta kiransa tun kafin azumi.